Wa Ya Ba Siniya Bulala? Martani Kan Koya Wa Ɗalibai Gane Cin Zali

Malam, na karanta rubutun da ka yi kana sukar kiran da wasu iyaye da malamai ke yi na a riƙa zaunar da ɗaliban sakandare a Ƙaraye da Rogo, ana koya musu yadda za su gane cin zali da yadda za su hana shi. In na fahimce ka daidai, kana ganin abin kwaikwayon Turawa ne da aka ɗauko mana daga Abuja, tun da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar da manufarta ta yaƙi da cin zali a makarantu a 2025. Kana tsoron zai mayar da yaranmu ragwaye masu raki, 'yan tsegumi da kai ƙara, marasa ganin girman na gaba. Ka kafa hujja da kanka da tsararrakinka, cewa siniyoyi sun hora ku a makarantar kwana, ga shi kun fito kun zama alƙalai da likitoci da manyan malamai. Sannan ka rufe da cewa ƙarin horo makarantunmu suke bukata, tunda icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ka girme ni, ka kuma riga ni riƙe alli, don haka ba zan yi musu da kai a kan cewa yaro yana bukatar horo ba. Saɓaninmu yana wajen wanda ka miƙa wa bulalar. Ɗan aji shida da ka ɗora wa aikin tanƙwara ɗan aji ɗaya, shekarunsa 17 ne ko 18. Shi ma ɗanyen iccen ne, Malam, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa inda ikonsa ya tsaya.

A watan Yulin 2025 ɗalibai biyu suka rasa rayukansu a makarantar sakandaren gwamnati ta kwana da ke Bichi, a hannun 'yan'uwansu ɗalibai. Rahotanni sun nuna cewa zargin wani laifi aka yi musu, sai wasu ɗalibai suka yanke hukunci, suka kuma zartar da shi da kansu. 'Yan sanda sun kama ɗalibai 11, Kwamishinan Ilimi Ali Haruna Makoɗa kuma ya ba da umarnin a yi bincike. Tantance wanda ya aikata me aikin shari'a ne. Amma kai a rubutunka ka kira abin tsautsayi, ka wuce shi a layi biyu, kuma a nan ne na kasa yin shiru. Tsautsayi shi ne gini ya rufto wa yaro da damina. Ɗalibin da zai tara 'yan'uwansa a ɗaki ya zauna a matsayin alƙali ba a dare ɗaya ya samu wannan ƙarfin halin ba. Ya shigo makaranta ya tarar ana yi, an yi masa ya shanye, ya ga malamai sun sani sun kawar da kai, ya yi ta lissafin shekarun da suka rage masa kafin nasa lokacin ya zo. Abin da ya raba daren da aka yi rasuwa da sauran darare sau da yawa bai wuce inda duka ya sauka a jikin yaro ba. Kuma tsarin da ake tafiyar da makarantar kwana a Bichi shi ne dai wanda ake tafiyar da namu na yammacin Kano: ɗakunan kwana cike da yara, malamai kaɗan, dare kuma a hannun firifet.

Ni ma ɗan makarantar kwana ne, don haka bari in tuna maka abin da ka kira horo. Ranar ziyara uwa za ta taso daga ƙauye tun da sassafe, ta hau babur zuwa bakin titi, ta shiga mota, da ƙullin garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yaji da ɗan sukari a leda, da 'yan canji ɗaure a bakin zane. Za ta zauna da ɗanta a gindin darbejiya ta tambaye shi ko lafiya, ya sunkuyar da kai ya ce lafiya lau. Da la'asar ta sa masa albarka ta kama hanya. Bayan sallar isha'i sai a ce 'yan aji ɗaya kowa ya jawo akwatinsa tsakiyar ɗaki ya buɗe. Siniya yana kishingiɗe a kan gado, da ƙafa yake nuna abin da yake so. Wanda aka gano ya ɓoye sukarinsa a cikin rigar matashi, tsallen kwaɗo ne daga bakin ƙofa zuwa ƙarshen ɗaki, sai kamun kunne, sai bel. Da hunturu shi ne zai tashi kafin kiran assalatu ya jawo wa siniya ruwan wanka. Da bazara shi ne zai tsaya a kansa yana fifita da kwali har barci ya ɗauke shi. Ranar da aka sa nama a miya ya san ba nasa ba ne, a aljihu zai naɗo shi ya kai. Wane darasi ne a cikin wannan, Malam? Akwai darasi, kuma yana shiga sosai. Yaron ya koyi cewa mai ƙarfi ke da gaskiya, cewa faɗa wa babba ba ya amfani, cewa in ya daure shi ma wata rana zai nuna akwatin wani da ƙafa. Muna kukan yadda wasu masu riƙe da muƙami ke ɗaukar dukiyar jama'a tamkar ganima, amma ba ma son duba inda aka fara nuna wa yaro cewa muƙami lasisin ƙwace ne.

Ka ce Bahaushe da Bafulatani ba su san raki ba, ka kawo misalin sharo da dambe. Na ji daɗi da ka kawo su, domin su ne hujjata a kanka. A sharo, tsara ne ke karawa da tsara. Ba a kamo kowa da ƙarfi a tura shi fili, shi ne yake fitowa da ƙafarsa. Wanda aka zane yana da ranar ramawa, kuma ana yin komai a gaban jama'a da dattawan da za su ce ya isa. A dambe ma haka: sai ka yarda kake shiga, akwai mai rabawa, kuma da abokin karawarka ya kai ƙasa an gama, ba a bin sa da duka. Ko wasan barkwancin da ke tsakanin Kanawa da Zage-zagi, wanda mutanen Rogo suka fi kowa saninsa tunda a bakin iyaka suke, ko na Fulani da Barebari, ko na taubasai, daɗinsa shi ne kowa yana da bakin mayarwa. Kakanninmu sun yarda da jarumta, amma sun kewaye ta da sharuɗɗa: a zama daidai da juna, a yarda, a yi a bainar jama'a. Duba abin da ake yi a hostal bayan an kashe fitila ka gaya mini sharaɗi ɗaya da ya cika. Babba ne a kan ƙarami, ba a nemi yardarsa ba, ba shi da ikon ramawa, kuma a ɓoye ake yi, gobe ma a sake. Masanin nan Dan Olweus na Jami'ar Bergen a ƙasar Norway, wanda ya fara nazarin wannan matsala da gaske tun shekarun 1970, da abu uku ya bayyana cin zali: niyyar cutarwa, maimaitawa, da fifikon ƙarfi a ɓangare ɗaya. Duk wani dattijo a Yammedi ko Zarewa da ya taɓa raba faɗan yara ya san wannan ba tare da ya ji sunan Olweus ba. Shi ya sa yake fara tambaya da cewa, wannan sa'anka ne?

Sai batun kwaikwayon Turawa. Malam, in akwai abin da aka ɗauko daga Turai a wannan magana, to mulkin siniya ne. Tsarin naɗa manyan ɗalibai su mulki ƙanana, da raba makaranta gida-gida, da mayar da ƙaramin ɗalibi yaron babba yana yi masa wanki da aike, a makarantun 'ya'yan masu hali na Ingila ya girma. Thomas Arnold, wanda ya shugabanci makarantar Rugby daga 1828 zuwa 1842, shi ne ya shahara da ƙarfafa tsarin firifet. Turawan mulkin mallaka da suka fito daga irin waɗannan makarantu su suka kafa mana Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920, wadda ta zama Barewa, da makarantun midil irin wadda ta zama Kwalejin Rumfa, kuma da tsarin da suka sani suka gina su. Daga nan ya bazu zuwa kowace makarantar kwana ta Arewa. Su masu abin sun daina sa ƙananan ɗalibai bautar manya a tsakanin shekarun 1970 da 1980. Mu ne muka riƙe, har muka fara kiransa al'adarmu.

Na san za ka ce ai a tsangaya ma gardi yana zane ƙolo. Gaskiya ne, kuma ba na wanke shi, an sha yin ɓarna a can ma. Amma ko a can, tsarin da aka gada shi ne alaramma yana zaune tare da almajiransa, ya san uban kowa, shi aka damƙa wa amana hannu da hannu. A makarantar kwana ta gwamnati, uban yaro ya miƙa shi ga ofis, ofis ya miƙa shi ga hawusmasta, hawusmasta kuma yana da darasin da zai koyar da safe da iyali a cikin gari, sai ya miƙa shi ga wani yaron. Amanar ta bi hannu huɗu ta ƙare a hannun wanda bai taɓa ganin uban ba.

Hujjar da ka fi jin ƙarfinta ita ce an dake ku kun zama mutane. Ban musa kun zama mutane ba. Amma ku da kuka kai ƙarshe ne kuke rubutu a jarida, ku kuke taron tsofaffin ɗalibai. Ka tuna yawan ku ranar da kuka shiga aji ɗaya, ka tuna yawan ku ranar jarrabawar fita. Wasu talauci ya cire su, wasu rashin lafiya, na yarda. Amma ka shiga Fulatan ko Gwangwan ko Beli ko Kafin Dabga ka zauna a majalisa da dare, za ka samu magidanci mai kaifin basira da zai gaya maka ya taɓa shiga sakandare, ya dawo hutun zango na biyu ya rantse ba zai koma ba. Ubansa ya zane shi, ya mayar da shi, ya sake tsallake katanga ya taho da ƙafa. Aka ce ba ya son boko, aka ba shi fartanya. Ba wanda ya tambaye shi me ya koro shi, shi ma bai san abin yana da suna ba, balle ya san laifi ne. Wannan asara ta fi ciwo a wajenmu fiye da cikin birni. Ɗan birnin Kano in makaranta ta gagare shi akwai wata a unguwa ta gaba. Yaron da ya fito daga ƙauyen da ke bakin madatsar ruwa ta Challawa, ko daga rugar da ke kusa da iyakar Katsina, sau da yawa makarantar kwana ce kaɗai ƙofarsa. In ta rufe, sai gonar rake, sai kamun kifi, sai ci-rani. Duk sana'o'i ne masu daraja, amma ba zaɓa ya yi ba, tsoro ne ya zaɓa masa.

Akwai kuma yaran da horon zai iya kashewa ko da ba a yi niyya ba. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu cutar sikila, ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da ita duk shekara. Wahalar jiki mai tsanani, da ƙishirwa, da sanyi, suna cikin abubuwan da ke tayar da ciwon. Gwale-gwale a tsakar rana, ko sa yaro ya kwanta a siminti an watsa masa ruwa da hunturu, su ne daidai abubuwan da likita ya hana. Firifet ba ya da takardar asibitin kowa. Ba ya sanin mai asma, ba ya sanin mai farfaɗiya. In yaron ya ce ƙashinsa na ciwo, sai a ce ƙarya yake yi, a ƙara masa.

Yanzu batun tsegumi, wanda na ga shi ne ya fi tsaya maka a rai. Dokar hostal ta farko, wadda ba a rubuta ba amma kowa ya haddace, ita ce kada ka faɗa. Wanda ya kai ƙara ya zama munafuki, ajinsa ma zai juya masa baya. Wannan dokar ba don mutuncin ɗalibai aka kafa ta ba, don kare mai duka aka kafa ta. Babban abin da ake so a koya wa matasa shi ne raba abu biyu da aka cakuɗa musu: kai maganar mutum don a wulaƙanta shi, da kai magana don a ceci wani. Na farko shi ne tsegumi, kuma mu ma muna ƙyamarsa. Na biyu shaida ne. Kai malami ne, ka fi ni sanin hadisin da ya umarce mu da taimakon ɗan'uwa ko shi ne azzalumin ko shi aka zalunta, aka kuma bayyana cewa taimakon azzalumi shi ne a hana shi zaluncin. Ka fi ni sanin aya ta 11 ta Suratul Hujurat da ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabobi. Yaranmu suna karanta waɗannan a Islamiyya da yamma. Abin da ba a taɓa yi musu ba shi ne a ce musu, yaron nan mai i'ina da kuke kwaikwayon maganarsa a aji, da mai fitsarin kwance da kuka sa wa waƙa, da Bafulatanin da kuke dariyar Hausarsa, a kansu ayar take magana.

Kuma me ya sa sai ɗalibai za a koya wa? Domin su ne suke wurin. Masu bincike biyu a Kanada, Debra Pepler da Wendy Craig, sun ɗauki hoton bidiyon yara 'yan firamare a filin wasa na tsawon lokaci, suka gano cewa a kusan kashi 85 cikin 100 na lokutan da ake cin zalin wani, akwai wasu yara a tsaye suna kallo. A wani nazarin kuma suka ga cewa in ɗaya daga cikin yaran ya sa baki, fiye da rabin lokuta abin yana tsayawa cikin daƙiƙa 10. Mai cin zali 'yan kallo yake yi wa wasa. Dariyarsu ce ladansa, shirunsu ne izininsa. A kan wannan fahimta Finland ta gina shirinta na KiVa a Jami'ar Turku, ta yaɗa shi a makarantun ƙasar daga 2009. A ɗakin kwana mai yara 60, masu dukan ba su fi uku ko huɗu ba. Sauran suna kwance sun ja bargo, idonsu biyu, da yawansu ransu ba ya so, amma kowa yana zaton shi kaɗai ne ba ya so.

Akwai wuri ɗaya da na yarda da kai, kuma ina so masu kiran da kake suka su ji. Ka ce lacca ba ta gyara yaro. Haka ne. In abin da za a yi shi ne a tara ɗalibai a asambile sau ɗaya a shekara, baƙo ya zo da fasta ya yi jawabi a ɗauki hoto, gara a bar shi. Har ma yana iya cutarwa, domin in ka koya wa ɗan aji ɗaya ya kai ƙara, ya kai, malami ya kira siniyan ya yi masa faɗa a gabansa, sannan ya mayar da su ɗaki ɗaya su kwana, ka jefa yaron ne cikin abin da ya fi na da. Norway ta fara yaƙinta na ƙasa baki ɗaya a 1983, bayan yara maza uku 'yan shekara 10 zuwa 14 sun kashe kansu saboda cin zalin da ake yi musu. A makarantu 42 na Bergen da Olweus ya bi diddigi, matsalar ta ragu da kusan rabi, amma shirin nasa ya haɗa malamai da iyaye da dokoki bayyanannu da sa ido a wuraren da abin ke faruwa. Da masana biyu na Jami'ar Cambridge, Maria Ttofi da David Farrington, suka tattara sakamakon irin waɗannan shirye-shirye daga ƙasashe da yawa a 2011, sun samu raguwar kashi 20 zuwa 23 cikin 100, kuma waɗanda suka fi aiki su ne masu tsawon lokaci, masu taron iyaye, da sa idon manya, da hukunci tsayayye. Ka ga ke nan hukuncin da kake so yana ciki. A hannun babba ake son sa, da rana, a rubuce, daidai da laifi.

A watan Fabrairun 2021, bayan sace ɗalibai a Kagara da Jangebe, gwamnatin Kano ta rufe makarantun kwana 10 da ke wajen birni, ciki har da Yuniti ta Ƙaraye. Babu wanda ya ce an lalata yara da raki, kowa ya yarda ran ɗalibi ya fi zangon karatu. In za mu iya rufe makaranta saboda haɗarin da ke bayan katanga, za mu iya sa malami ya kwana a cikin katangar. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, kuma jihar tana da Dokar Kare Yara tun 2023. Gyaran rufi da kujeru ana ganin su a hoto. Ɗaki ɗaya na malami a jikin kowane hostal, da ɗan alawus ɗin da zai sa ya kwana a ciki, ba ya fitowa a hoto, amma shi ne abin da uwar ɗan aji ɗaya za ta zaɓa in aka tambaye ta.

Abin da za a koyar kuma ba wani abu ne mai wuyar ganewa ba. A makon farko na ɗan aji ɗaya, tun iyayensa ba su tafi ba, a gaya masa a gabansu abin da firifet yake da ikon sa shi da abin da ba shi da iko. Zai iya ce maka ka share ɗaki, ka fito sallah, ka yi shiru lokacin karatun dare. Ba zai iya dukanka ba, ba zai iya taɓa akwatinka ba, ba zai iya kiranka gadonsa ba. Wannan na ƙarshen mun fi jin kunyar faɗarsa, kuma kunyar tamu ita ce mafakar masu yi. A nuna masa malamai biyu da zai iya samu, don in ɗaya abokin siniyan ne. A ba ɗalibai takarda kowane zango su rubuta, ba tare da suna ba, wuraren da suke tsoro a makaranta. Za ka ga amsar tana maimaituwa: wurin ɗiban ruwa, bayan ɗakin girki, banɗaki, hanyar komawa daga karatun dare. Nan malami zai riƙa bi.

Amma waɗanda na fi so a zauna da su su ne 'yan aji biyar, kafin a naɗa su. Ka ji tsoron za a zubar da girman siniya. Ni kuwa ina ganin yanzu ne ba shi da girma, tsoronsa kawai ake ji, kuma ranar da ya gama jarrabawa da yawa daga cikinsu a ɓoye suke barin makaranta don gudun ramuwa. Elizabeth Levy Paluck ta Jami'ar Princeton da abokan aikinta sun gwada wata hanya a makarantu 56 na jihar New Jersey a Amurka. Maimakon manya su yi wa'azi, sai aka bar wasu ɗalibai su tsara saƙon da kansu, da bakinsu. Sakamakon da aka wallafa a 2016 ya nuna rahotannin rikici tsakanin ɗalibai sun ragu da kusan kashi 30 cikin 100 a shekara guda, kuma tasirin ya fi ƙarfi inda ɗaliban da ake jin maganarsu suka shiga. Mu ma mun san su: kyaftin ɗin ƙwallo, limamin ɗalibai, wanda yake ɗaukar na ɗaya, mai ba da dariya a aji. In ɗayansu ya miƙe a ɗaki ya ce yau ba za a buɗe akwatin kowa ba, maganarsa ta fi ta shugaban makaranta tafiya.

Rubutunka bai ambaci 'yan mata ba ko sau ɗaya, bai kuma ambaci makarantun je-ka-ka-dawo ba, alhali nan ne mafi yawan yaranmu suke. Rahoton UNESCO na 2019 ya ce kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya an ci zalinsa a cikin watan da ya gabaci tambayar, a Afirka kudu da Sahara kuwa abin ya kai kashi 48 cikin 100. A wajen 'yan mata ba kasafai ake ganin tabo ba. Ware mutum ne, da gori a kan hijabin da ya koɗe, da ƙaga mata labarin saurayi, yanzu kuma da ɗaukar hotonta a waya a yaɗa a WhatsApp. Ƙasar nan duka ta ga bidiyon wata makarantar kuɗi ta Abuja a watan Afrilun 2024, inda ɗaliba ke sharara wa 'yar'uwarta mari wasu suna kallo. A can iyaye suna da lauya. A garin Zoza ko garin Turawa, yarinyar da aka ɓata wa suna a makaranta ba ta komawa, kuma kafin shekara ta zagayo an sa ranarta.

Tun 2024 Masarautar Ƙaraye ta ƙunshi ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo ne kawai. Ƙasa ce da hakimai da dagatai za su iya sanin kowane shugaban makaranta da sunansa. Akwai kwamitocin kula da makarantu na al'umma, akwai ƙungiyoyin iyaye da malamai, akwai limaman Juma'a. Uban da ɗansa ya gudo daga makaranta yana bukatar wanda zai ce masa ya tsaya ya duba bayan yaron kafin ya ɗauko tsumagiya, kuma daga bakin mai unguwa ko liman zai fi jin wannan.

Akwai kuma tsofaffin ɗalibai irinka, waɗanda yara ke kallo da sha'awa in kun zo rabon kyaututtuka. Duk lokacin da kuka ba da labarin dukan da kuka sha kuna dariya, 'yan aji biyar suna ji, kuma izini suke ɗauka. Roƙona gare ka, Malam, shi ne a zango na uku mai zuwa, kafin a naɗa sababbin firifet, ka je makarantar da ka yi, ka nemi a ba ka 'yan aji biyar na awa ɗaya, ba tare da shugaban makaranta a wurin ba. Ka gaya musu abin da aka yi maka a aji ɗaya ba tare da ka mayar da shi abin dariya ba. Ka gaya musu abin da kai ka yi wa na ƙasa da kai da lokacinka ya zo. Sannan ka zauna ka saurari tambayoyinsu.